Ɗakin Rainon Inna Aina'u da Tarin Damina

Tun rana ba ta ɗaga ba, matan da ke aikin gyaran zoɓo a sito-siton Sharada sukan ratse daga babban titi su shiga wani lungu a bayan kamfanin roba, kowacce da goyo. In sun fito, bayansu wayam, zanin goyon a naɗe a hannu. Gidan da suke barin 'ya'yan nasu gidan Inna Aina'u ne. Babu allo a ƙofarsa, amma duk mai adaidaita sahun da ke bin hanyar Ja'en ya san inda zai sauke mace in ta ce masa gidan raino.

Aina'u ta haura shekara sittin, a ƙiyasinta. 'Yar asalin Sharada ce, tun unguwar tana ƙauye. Inda kamfanin robar nan yake tsaye, nan mahaifinta yake noman dawa da gyaɗa, kuma har yau in za ta yi wa mutum kwatance sai ta ce "wajen gonarmu", ko da yake babu komai a wurin sai katanga da waya mai ƙaya. Ta auri Malam Lawal, wanda ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai har ranar da aka rufe ta. Bai daɗe ba bayan nan ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Ta haifi bakwai, huɗu suka rayu. Cikin waɗanda suka koma akwai namiji ɗan wata uku, wanda aka ce mata sanyi ne ya shiga haƙarƙarinsa. Ba ta yawan maganarsa.

Da ta fita takaba sai ta shiga aikin zoɓo kamar sauran matan unguwa. Aikin zama ne a kan tamfol, da faifai da rariya, ana tsince tsakuwa da kara da ganye daga busasshen zoɓo kafin a ɗure shi a buhu a tura Legas. Ta yi shekaru tana yi har bayanta ya ƙi. Daidai wannan lokaci masu sito suka hana shiga da goyo. Wata maƙwabciyarta ta roƙe ta ta riƙe mata jaririya na yini ɗaya. Washegari ta sake kawo ta, ga wata mai goyon a bayanta tana murmushin roƙo. Daga nan rainon ya fara, ba tare da Aina'u ta taɓa cewa ta buɗe shi ba.

Ɗakin babba ne, da katifu biyu a ƙasa, da tabarma, da gidan sauro a ɗaure a bango. Masu rarrafe suna gefe guda, waɗanda ba su fara zama ba suna jere a kan katifa, kai da kai. Uwayen da sitonsu ke kusa sukan sheƙo da gudu lokacin hutun azahar, hannuwansu jawur da rinin zoɓo, su ba da nono su koma. Na nesa sukan bar koko a fulas.

Abin da ya fitar da sunan Aina'u ba ɗakin ba ne. Jariri in mura ta toshe masa hanci ba ya iya shan nono, don da hanci yake numfashi in ya kama mama. Sai ya kama ya saki, ya kama ya saki, ya ɓarke da kuka ga yunwa. Tsofaffi sun san abin da ake yi: a sa baki a hancin, a tsotse majinar, a tofar. Matan yanzu da yawa ba sa iyawa, zuciyarsu tashi take yi ko da ɗan da suka haifa ne. Aina'u kuwa ko ɗan waye. Takan ɗora shi a cinya, ta sunkuya, ta zuƙe, ta tofar a gwangwani, ta goge masa hanci da bakin zaninta, ta miƙa wa uwar.

"Ungo, ba shi ya sha. Ku dai kun iya haihuwa, sauran aikin sai a kawo wa tsohuwa."

"Inna, wallahi ni ko kallo ba na iyawa."

"Ai na ga kin kau da kai kamar an nuna miki surukinki."

Mata sun sha kawo mata jarirai daga Gidan Maza da Sabuwar Gandu don wannan kaɗai, ba don raino ba. Ba ta taɓa karɓar komai a kansa ba. A wurinta, macen da ke ƙyamar majinar jariri ba ta cancanci a ba ta riƙon ɗan wani ba, kuma ba ta ɓoye wannan ra'ayi.

Cikin matan da ke kawo mata goyo akwai Khadijat, 'yar wani ƙauye kusa da Ringim. Mijinta Haruna yana aiki a wata majema a Challawa, inda ake jeme fatu. Mubarak ne ɗansu na fari, shi ya sa Khadijat ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa wasa a gaban mutane. "Yaron nan" take cewa. In ta sauke shi sai ta juya kamar ta ajiye kayan wani. Aina'u ce take ɗaukarsa tana cewa, "Maigida, ka iso? Ina cefanena?"

A daminar bara waccan, Mubarak yana ɗan wata huɗu, tari ya shiga ɗakin. Wata yarinya mai rarrafe ce ta fara, da 'yar majina. Kafin mako ya zagayo kusan duk yaran suna yi. Aina'u ta yi abin da ta saba. Ta rufe taga saboda sanyin ruwa, ta sa garwashi a kasko da ɗan turare don ɗakin ya yi ɗumi, ta bi hanci-hanci tana tsotsewa, wannan bayan wancan. Manyan suka yi ta tari suna wasa abinsu. Mubarak ne ya bambanta. Ya daina shan nono ko bayan an buɗe masa hanci. Da Aina'u ta ɗaga rigarsa sai ta ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk numfashin da ya ja. Ta taɓa ganin wannan sau ɗaya, a jikin nata ɗan.

Ba ta jira azahar ba. Ta bar wa maƙwabciya ɗakin, ta goya shi, ta tsaya a ƙofar siton da Khadijat ke aiki ta sa maigadi ya kira ta.

"Inna, ko mu bari shi ya dawo daga aiki tukuna?" in ji Khadijat, tana nufin mijinta, idonta a ƙasa.

"Ke, ajiye kunyar nan a nan, kya ɗauka in mun dawo. Tare mana mai adaidaita."

A wani asibitin gwamnati da ke cikin gari aka kwantar da shi. An sa masa iskar oksijin ta hanci, aka zura masa 'yar siririyar roba da ake ba shi nonon da uwar ta tatsa. Likitar da ta duba shi, Likita Nafisa, ta gaya musu cewa ƙananan hanyoyin iska ne na cikin huhunsa suka kumbura suka cika da majina, kuma ƙwayar cuta ce irin wadda ake kira bairos take kawo hakan, ta fi yawa da damina. Ta ce babu wani magani a hannunsu da ke kashe ta. Abin da za su yi shi ne su taimaka masa da iska da abinci har jikinsa ya ci ƙarfinta.

Haruna bai gamsu ba. A saninsa, in aka kwantar da mutum asibiti, allura ake yi masa safe da yamma. Ya yi ta zagaye a baranda yana tambayar ma'aikatan jinya yaushe za a fara maganin. Wata ta ce masa, "Malam, wanda kake gani a hancinsa shi ne maganin." Bayan 'yan kwanaki Mubarak ya kama nono, aka cire robar, aka sallame su.

Sai dai ƙirjin bai koma yadda yake ba. Tun daga nan, duk murar da ta kama shi sai ta sauka ƙasa. Numfashinsa ya riƙa fita da wata siririyar ƙara kamar ana fito daga nesa. Aina'u kukan ƙirji take ce mata. Yanzu ya wuce shekara biyu, yana gudu yana hawa kan kowa, amma in kukan ƙirjin ya taso sai ya nemi gindin bango ya zauna, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Asibiti sun ba shi maganin shaƙa, da wata 'yar gora ta roba da ake kafa masa a baki da hanci. Sauran yaran da suka yi tarin tare da shi, babu wanda ya bar wa wannan.

Haruna ya tsaya a kan cewa rashin ba da magani ne tun farko. Abin ya ƙara zama masa a rai wata rana da ya ji wani shirin lafiya a rediyon abokin aikinsa, lokacin hutun cin abinci. An ce a wata ƙasa an gwada wani magani na sha da ke yaƙar ita ƙwayar cutar kanta a jikin jarirai, kuma yaran da aka ba, an ga kukan ƙirji ya yi musu sauƙi daga baya. Ya dawo gida da maganar, ya kai ta har zauren Aina'u.

"Kun ji, Inna? Ashe akwai shi. Mu ne ba a ba mu ba."

Lokacin Khadijat tana da tsohon ciki. Da ranar komawar Mubarak asibiti ta zo, Haruna ya nemi izini a wurin aiki, Aina'u kuma ta ce za ta raka su don ta riƙe yaron.

Likita Nafisa ta saurare shi har ya gama. Ta ce abin da ya ji ba ƙarya ba ne, ana irin wannan bincike, kuma akwai alamun da ke ba da fata. Amma maganin bai zo nan ba, ba a kuma gama tabbatar da amfaninsa a kan kukan ƙirji ba. Ta ce su kansu likitoci har yanzu suna muhawara: shin cutar ce take taɓa huhun jariri ta bar masa wannan, ko kuwa yaron da aka haifa da matsattsun hanyoyin iska shi ne cutar take kayarwa tun farko, shi ne kuma zai yi kukan ƙirjin ko ba ita? Wataƙila duka biyun ne.

"To da an ba shi, da bai yi ba ke nan?" in ji Haruna.

"Ban sani ba, Malam Haruna. In na ce maka eh, na yi maka ƙarya. In na ce a'a, nan ma na faɗi abin da ban sani ba. Abin da na sani, yara da yawa masu irin wannan suna barinsa kafin su shiga firamare. Wasu kuma yakan zama musu asma."

Haruna ya yi ta juya hularsa a hannu. Aina'u ta gyara wa Mubarak zama a cinyarta.

"Likita, ita wannan aba, ta ina take shiga jikin yaro?"

"Ta majina, Mama. Ta tari da atishawa, ta hannun da ya taɓa hancin wannan ya taɓa na wancan. Ta tsumman da aka goge wa ɗaya aka goge wa ɗaya."

"Baki fa?"

Likitar ta ɗago. Aina'u ta yi mata bayanin yadda take yi, ba ta rage komai ba, har da gwangwanin da bakin zanin da kaskon turaren. Khadijat ta sunkuyar da kai kamar ita aka tona.

Likita Nafisa ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce kakarta ma haka ta yi musu, kuma gaskiya ne yana buɗe hanci. "Amma abin da kuka ɗauko daga hancin wannan, kuna iya kai wa na gaba. Ban ce ta haka ya samu ba. Jarirai a ɗaki ɗaya, taga a rufe, ko babu wanda ya taɓa su za su iya shafa wa juna. Babu mai iya gaya muku ta wace hanya ta bi." Ta nuna mata ruwan gishirin da ake ɗigawa a hanci da 'yar robar da ake matsawa ta zuƙo majina, a wanke ta da sabulu, kowane yaro da tasa. Ta ce hayaƙi, ko na turare ne, yana ƙara wa ƙirji wahala. Sannan ta dubi cikin Khadijat ta ce wanda ya fi shiga haɗari shi ne jaririn da bai kai wata shida ba. In aka iya raba shi da mai tari a waɗannan watanni, an yi masa babban abu.

A hanyar dawowa Mubarak ya yi ta nuna tireloli daga cikin adaidaitar.

Khadijat ta haihu da bazara, mace, aka sa mata A'isha. Ta gama wankan jego ruwan farko yana sauka. Haruna ya so ta tafi ƙauye da jaririyar har damina ta wuce, amma a ƙauyen kowa yana gona, kuma gidan ba zai tsaya da albashin majema kaɗai ba. Wata safiya Khadijat ta shigo zauren da goyo, ta daɗe a tsaye ba ta kwance zanin ba.

"Inna, ya ce in tambaye ku."

"Na san abin da ya ce. Sauke ta. Muddin tana hannuna, mai tari ba zai kwanta kusa da ita ba."

Sauran sauye-sauyen ba su yi mata wuya ba. Kaskon ya koma kicin. Tagar ta zauna a buɗe, in ana ruwa ta saki labule. Ta yayyaga wani tsohon zani, kowane yaro da nasa ƙyallen, ta rataye su a ƙusa daban-daban. Ta ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Matan suka yi ta yi mata ba'a.

"Inna ta zama nas! Saura farar riga."

"Ku saya mini, in sa. Ke kuma wanke wannan jan hannun naki kafin ki taɓa mini baƙuwa."

Mai wuyar ita ce tsayuwa a zaure. Ita kaɗai ce, ba za ta iya raba kanta ɗaki biyu ba. Don haka ta sanar da su cewa yaron da ya tashi da tari ya zauna wurin uwarsa har ya samu sauƙi. Kowa ta ce to, don a ranar babu mai tari. Amma duk matar da ta taɓa zama a kan tamfol ta san ma'anar wannan. Aikin zoɓo ba shi da hutun jinya. A ƙofar kowane sito akwai mata a tsaye da faifansu suna jiran gurbi. Wadda ba ta zo ba yau, wata ce za ta zauna a wurinta, kuma ba lallai ta tashi gobe ba. Aina'u ta fi kowa sani, don ita ma ta haka ta samu nata gurbin.

Tsakiyar damina abin ya zo. Hadiza ce, mutuniyar Damagaram, wadda mijinta ke bin manyan motoci yana yin makonni bai dawo ba. Ba ta da kowa a Kano. 'Ya'yanta biyu na farko duk a ɗakin nan suka yi rarrafe, kuma ita ce takan tsaya da yamma ta taya Aina'u wanke katifa in wani ya ɓata. Ta shigo a jiƙe, da ɗanta Musbahu ɗan wata takwas, hancinsa a cushe, yana tari ƙasa-ƙasa.

"Inna, tun asuba ya ƙi kama nono. Ku ɗan tsotse masa, na makara."

Aina'u ta tare ta a zaure. Ta zaunar da ita a kan benci, ta ɗauko ruwan gishirin da sabuwar roba, ta ɗiga, ta jira, ta matsa. Majinar ta fito kaɗan. Ta sake. Yaron yana ta zillo yana tsala kuka. Abin da bakinta zai gama kafin a ce bisimilla, sai da ta daɗe a kansa. A ƙarshe dai ya kama nono ya sha. Ta ɗaga rigarsa ta duba haƙarƙarin, ba ya lotsawa.

Hadiza ta miƙe, ta nufi ƙofar ɗaki da shi.

"Hadiza, ba zai shiga ba yau."

Ta tsaya ta juyo, tana dariya, don ta ɗauka wasa ne.

"Akwai 'yar wata uku a ciki. Na gaya muku tun farko."

"Inna, mura ce fa. Wane yaro ne ba ya mura da damina?"

"Na sani. Wataƙila mura ce kawai. Ba ni da yadda zan gane."

"To ni in kai shi ina? In goya shi in shiga sito su kore ni? Ku da kanku kun san wadda ke tsaye tana jiran wurina."

"Na sani, 'yar nan."

"'Yar Khadijat ce ɗiya, nawa kuma fa? Ko don mu baƙi ne?"

Aina'u ta dubi yaron. Ta ce in ta ga numfashinsa ya yi sauri ko ya sake ƙin nono, kada ta jira, ta kai shi asibiti. Ta miƙa mata ruwan gishirin da robar. Hadiza ta dubi kayan, ba ta karɓa ba. Ta saɓa ɗanta a baya ta ɗaure.

"Da bakinku kuka raini Umar ɗina da ƙanwarsa, ba su mutu ba. Yau kuma roba. Allah ya ba mu haƙuri."

Ta fita cikin ruwan. Aina'u ta ce ta daɗe a kan bencin nan kafin kukan wani daga ciki ya tashe ta.

Musbahu ya warke a gida cikin 'yan kwanaki, ba a kai shi ko'ina ba. Hadiza ta rasa gurbinta. Sai da ta yi makonni kafin ta samu wani, a siton riɗi can wajen Bompai, inda sai ta hau mota biyu. Ta samu wata a Hotoro da ke riƙe mata yaron. Maganar ta zaga tamfol-tamfol cewa Inna Aina'u ta fara ƙyamar 'ya'yan mutane. Wasu mata biyu suka janye nasu, ba don fushi ba, in ji su, sai don ba za su iya zama da fargabar ranar da za a mayar da su daga zaure ba. Masu kawo jarirai daga nesa don a tsotse musu hanci suka daina zuwa.

A'isha ta fita daminar ba ta yi tari ba. Da kaka, tana da wata shida da ɗoriya, mura ta kama ta, a gida, daga wurin yayanta Mubarak. Ta yi majina da ɗan zazzaɓi, ta ci gaba da shan nono, abin bai sauka ƙirji ba. Da aka kai ta awo, Likita Nafisa ta sa abin sauraro a bayanta ta ce huhun fes yake. Haruna ya tambaya ko hakan na nufin ta tsira daga abin da ya samu yayanta. Likitar ta ce ta wuce watannin da suka fi haɗari, wannan kam tabbas ne. Sauran kuma sai an ga yadda za ta yi da murar baɗi da ta baɗin baɗaɗa.

Babu wanda zai iya cewa tsayuwar da Aina'u ta yi a zaure ce ta kare yarinyar. Mai yiwuwa abin da Musbahu ya zo da shi ba wannan cutar ba ce. Mai yiwuwa ƙirjin A'isha daban yake da na Mubarak tun daga haihuwa. Aina'u ta san wannan, don ta tambaya an gaya mata. Ta kuma san abin da Hadiza ta rasa, shi kam babu shakka a kansa. Ta aika mata da saƙo sau biyu ta bakin wata maƙwabciya. Amsar da ta dawo ita ce tana gaishe ta.

Yanzu katifa ɗaya ce a shimfiɗe a ɗakin, ɗayar tana jingine da bango. Cikin waɗanda suka rage akwai sabon jariri da bai cika wata biyu ba, ɗan wata yarinya daga Kumbotso da ta ji labarin dokar zauren ta ce ita saboda ita ta zo. Da aka tambayi Aina'u ko za ta sassauta tunda A'isha ta yi ƙwari, sai ta nuna shi da haɓa.

"Wannan fa? Shi ma haka aka kawo shi, ƙirji kamar na ɗan tsako."

Ta ce ta roƙi Likita, duk ranar da maganin nan ya tabbata ya kuma iso Kano, a aiko a gaya mata. Likitar ta yi dariya ta ce ko ya zo ba zai hana wanke hannu ba.

"Na ce mata na ji, zan ci gaba da wankewa. Ni dai so nake in daina mayar da mace daga ƙofa."